Tambayoyinku da Amsoshinmu: Makwancin Jariri da Kayan da Ake Saya Masa

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon daga sababbin iyaye suka fito, kuma kusan duka a kan batu ɗaya suke: ina ya kamata jariri ya kwana, yaya za a kwantar da shi, kuma wanne ne daga cikin kayan da ake tallatawa ya cancanci a saya. Na zaɓi guda biyar, na taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Haihuwata ta fari ke nan, jaririna makonninsa uku. Unguwar zoma ta ce in riƙa kwantar da shi rigingine, amma uwar mijina ta ce duk 'ya'yanta rub-da-ciki ta kwantar da su, kuma idan ya yi tumbuɗi yana rigingine zai ƙware. Ni ma na lura ya fi daɗewa yana barci idan yana kife. Maganar wa zan bi?
Daga wata mai jego

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah ya raya. Ki bi maganar unguwar zoma: rigingine za ki kwantar da shi a kowane barci, na dare da na rana, har ya cika shekara ɗaya. Sai dai kada ki ga laifin surukarki, domin abin da take faɗa shi ne abin da likitoci da dama suka yi shekaru suna koya wa iyaye, kafin bincike ya nuna cewa kwanciyar rub-da-ciki tana da alaƙa mai ƙarfi da mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci, wadda likitoci ke kira SIDS a taƙaice. A Birtaniya an fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1991, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kifa jarirai a 1992, sannan aka ƙaddamar da babban gangami a ƙasar a 1994. Cikin shekaru goma irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a Amurka, kuma ba wani magani aka gano ba, kwanciya kawai aka sauya.

Tsoron ƙwarewa shi ne abin da ya fi hana iyaye barci, don haka bari mu leƙa cikin maƙogwaron jariri. Akwai hanyoyi biyu a jere: hanyar iska tana gaba, ta wajen ƙirji, hanyar abinci kuma tana bayanta, ta wajen ƙashin baya. Idan jariri yana rigingine, hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, saboda haka nonon da ya dawo yakan tsaya a ƙasa, jariri ya haɗiye shi ko ya furzar. Idan kuwa yana kife, tsarin ya juye, tumbuɗin sai ya taru daidai bakin hanyar iska. A ƙasashen da suka koma kwanciyar rigingine ba a ga mutuwa saboda ƙwarewa ta ƙaru ba.

Barci mai nauyi da kika lura da shi gaskiya ne, kuma shi ne ainihin matsalar. Jaririn da ke kife yana da wuyar farkawa, kuma idan hancinsa ya nutse a shimfiɗa zai riƙa shaƙar iskar da ya fitar, ba tare da ya iya ɗaga kai ba. Yawan motsi da farkawar da ke gajiyar da ke da dare kariya ce gare shi, musamman tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu, lokacin da haɗarin ya fi yawa. Kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan mutuwa kafin wata shida suke faruwa. Kwanciyar gefe ma ba mafita ba ce, domin da ƙaramin motsi jariri ke kifewa, kuma wanda ya saba da rigingine idan aka kifa shi ya fi shiga haɗari. Wannan ne ya sa dole duk mai rainonsa ya san tsarin, ba ke kaɗai ba. Shawarata ita ce ki roƙi surukarki ta raka ki awo na gaba, ki bar unguwar zoma ta yi bayanin a gabanta. Maganar ta fi shiga idan ba daga bakin matar ɗa ta fito ba. Ranar da ya fara juya kansa gaba da baya ba tare da taimako ba, ki ci gaba da kwantar da shi rigingine, amma ba sai kin tashi kina mayar da shi ba. Kifewa kuwa tana da amfani idan yana farke kuma idonki na kansa, domin tana ƙarfafa wuya, tana kuma rage shafewar ƙeya.

Tambaya: Ni shawara zan bai wa 'yan'uwana iyaye. Mun saya wa 'yarmu wata kujerar barci mai laushi wadda take a kishingiɗe, mun kuma zagaye gadonta da kushin mai taushi don kada ta buga kai, muka sa ɗan matashi. Tun daga nan take barci sosai. Ina so a sanar da sauran iyaye su gwada.
Daga wani sabon uba

Amsa: Malam, na gode da kyakkyawar niyya, amma wannan shawara ba zan iya miƙa ta ga kowa ba, kuma ina roƙonka ka cire waɗannan abubuwa uku tun a daren yau. Kan jariri yana da nauyi ƙwarai idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Idan yana barci a kishingiɗe, kan yana iya rinjayowa gaba har haɓarsa ta manne da ƙirji, hanyar iska ta lanƙwashe kamar tiyon da aka taka, kuma hakan yakan faru shiru, ba kuka ba shure-shure. A watan Afrilun 2019 an janye kujerar barci ta Rock 'n Play ta kamfanin Fisher-Price daga kasuwa, guda kimanin miliyan 4.7, bayan rahoton mutuwar jarirai fiye da 30, kuma zuwa farkon 2023 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ce adadin da aka ba da rahotonsa ya kai kusan 100. A 2022 ƙasar ta kafa dokar da ta haramta sayar da makwancin jarirai mai gangara fiye da digiri 10, tare da irin wannan kushin na gefen gado. Doka ta hana sayarwa a can, amma kayan suna nan suna yawo a intanet da hannun 'yan gwanjo, saboda haka ganin abu a kasuwa ba shaidar ingancinsa ba ce.

Kushin gefen gado ana sa shi ne don maganin matsalar da ba ta taka kara ta karya ba. Jariri ba shi da ƙarfin da zai ji wa kansa mummunan ciwo a jikin sandunan gado, amma yana iya mirginawa ya cusa fuska a kushin, ko igiyar ɗaurinsa ta naɗe masa wuya. Matashi, bargo mai kauri, 'yar tsana mai gashi da matashin da ake tare jariri da shi don kada ya juya, duk hukuncinsu ɗaya ne. Abin da ake bukata shi ne katifa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, da zanin gado da ya kama ta tam. Ka danna tsakiyarta da tafin hannu ka ɗaga: idan shatin hannun ya tsaya, ta yi laushi. Na san gado fayau yana yi wa iyaye kama da rashin gata, har wasu suna jin kunyar baƙi su gan shi haka, amma a ganina wannan kunyar ce masu talla suke sayarwa. A Finland, inda gwamnati ke raba wa masu juna biyu akwatin kayan jariri tun 1938, kwalin da kansa, da 'yar siririyar katifarsa, shi ne gadon farko na jarirai da yawa.

Tambaya: Ina shayarwa sau uku ko huɗu cikin dare, kuma sau da yawa barci yana kwashe ni da jaririn a gado. Saboda tsoron danne shi, yanzu nakan koma kujerar falo in shayar da shi a zaune. Hakan ya fi?
Daga uwar ɗan wata biyu

Amsa: A'a, 'yar'uwa, gudun gara ne faɗawa zago. Babu wurin da ya kai kujerar falo haɗari ga jariri mai barci tare da babba, domin yana iya zamewa ya maƙale tsakanin jikinki da hannun kujera, ko fuskarsa ta shige tsakanin kushin. Ƙungiyar Lullaby Trust ta Birtaniya, mai wayar da kan iyaye game da barcin jarirai, ta ce haɗarin mutuwar fuju'a yana iya ninkuwa har sau 50. Idan kin san gyangyaɗi zai iya kama ki, gara ki shayar a gado, bayan kin kawar da matasai da bargo daga kusa da shi, da zarar kin farka kuma ki mayar da shi makwancinsa.

A kan kwana gado ɗaya da jariri masana ba su zama baki ɗaya ba. Likitocin yara na Amurka, a shawarwarinsu na 2022, ba su goyi bayansa ba ta kowace fuska. Hukumomin lafiya na Birtaniya kuwa sun ɗauki cewa iyaye da yawa za su yi shi, ko da niyya ko bisa gajiya, don haka suka fi karkata ga koyar da yadda za a rage haɗarinsa. Ni na fi ganin hikimar wannan, domin dokar da gajiya za ta karya ƙarfe uku na dare ba ta kai shirin da aka yi tun da rana amfani ba. Amma akwai inda ɓangarorin biyu suka haɗu: kada a kwana gado ɗaya da jariri idan ɗaya daga cikin iyayen yana shan taba, ko ya sha barasa ko magani mai sa barci, ko idan jaririn bakwaini ne da aka haifa kafin mako 37, ko nauyinsa lokacin haihuwa bai kai kilo 2.5 ba. Kada kuma a haɗa shi da yayyensa a shimfiɗa ɗaya, ko a bar rata tsakanin gado da bango.

Tsarin da ya fi shi ne ɗaki ɗaya, makwanci daban, aƙalla wata shida na farko: gadonsa a jikin naki, inda hannunki zai kai ba tare da kin sauko ba. Wannan kaɗai yana iya rage haɗarin da kusan rabi. Shayarwar da ke wahalar da ke ita ma kariya ce, haka allurar rigakafi a kan kari, haka nisanta shi da hayaƙin taba.

Tambaya: Yayata ta ba ni tsohon gadon jariri da kujerar ɗaure jariri a mota da keken koyon tafiya. Zan iya amfani da su?
Daga wata mai jiran haihuwa

Amsa: Allah ya raba lafiya. Gadon zai yi idan bai karye ko'ina ba, kusoshinsa sun cika, tazarar da ke tsakanin sandunansa ba ta wuce santimita 6 ba, kuma katifar ta cika shi yadda yatsu fiye da biyu ba za su shiga gefenta ba. Idan irin wanda gefensa ɗaya ke zugewa ƙasa ne, ki haƙura da shi. An hana sayar da irinsa a Amurka tun 2011 saboda jariran da suka maƙale a ratar da yake buɗewa. Katifa kuwa na fi son sabuwa, ko aƙalla wadda ba ta lotsa ko ta yi fumfuna ba.

Kujerar mota tana da wa'adi, yawanci shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙera ta, kuma a rubuce yake a jikinta. Tunda daga hannun yayarki ta fito, kina da damar tambayar ko motar ta taɓa yin haɗari da kujerar a ciki. Idan ta taɓa, kada ki karɓa. A ɗaura ta tana kallon baya, kuma ki tuna ta tafiya ce: idan kun iso gida yana barci, ki ciro shi ki shimfiɗe shi, ko da zai farka. Keken koyon tafiya kuwa ki mayar mata da godiya. Ba ya sa yaro saurin fara tafiya, yana kai shi ga matakala da abu mai zafi kafin hannu ya kai gare shi, kuma Kanada ta haramta shi tun 2004.

Tambaya: Jaririna ba ya barci sai an naɗe shi tam da mayafi an sa masa hula. Ina kuma tunanin sayen na'urar da ake ɗaura wa jariri a ƙafa mai auna numfashi.
Daga uwar ɗan makonni shida

Amsa: Naɗewa ba laifi ba ce ga ɗan makonni shida, muddin mayafin marar kauri ne, bai haura kafaɗa ba, an bar wa ƙugu da ƙafafu sarari su motsa, kuma rigingine aka kwantar da shi. Ki daina ranar da kika ga ya fara yunƙurin juyawa, wanda yakan zo a wata uku ko huɗu, wani lokaci kafin nan, domin naɗaɗɗen jariri idan ya kife ba shi da hannun da zai ture shimfiɗa da shi. Daga nan ki koma rigar barci mai kama da jaka wadda hannuwa ke waje, amma ban da irin wadda ake ƙara wa nauyi. Na'urar kuwa ba a tabbatar tana hana mutuwar fuju'a ba, kuma illarta ita ce takan sa iyaye su saki jiki da abin da ya fi muhimmanci; sai dai idan likita ne ya ba da umarninta saboda wata lalura.

Hular ki cire ta idan yana barci a ɗaki, domin ta kai jariri ke fitar da zafin jiki, kuma zafi fiye da kima yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗari. Kada sanyin tafin hannunsa ya ruɗe ki, haka na jarirai yake. Ki zura yatsu biyu ta ƙeyarsa ko ki taɓa ƙirjinsa: idan kika ji gumi ko zafi, ki rage masa riga ɗaya.