Tsohuwar Land Cruiser Ta Gaji: In Sa Mata Dizal Ko V8?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Land Cruiser FJ60 ƙirar 1985, mai injin fetur 2F da giya huɗu. Bodi da shasi lafiya lau, amma injin ya fara hayaƙi, ba ya jan hawa kamar da, ga shan mai. A ƙarshen mako nakan shiga daji da ita, yashi da taɓo da duwatsu, kuma sai na yi doguwar tafiya a kwalta kafin in isa. Abokaina sun rabu biyu: wasu sun ce in sa mata V8 na Chevrolet, injin fetur mai silinda takwas, wasu sun ce dizal. Ina kuma so in ɗaga ta inci 4, in sa taya inci 35. Da wanne zan fara, kuma wane inji ya fi?

Amsa

Wa alaikumus salam. Malam, motar da ke hannunka ta cancanci a kashe mata kuɗi, musamman tunda shasinta bai ci tsatsa ba. Amma da ni ne, inji shi ne abu na ƙarshe da zan taɓa. Girman taya ake fara yankewa, domin daga shi ne za a san haƙoran da za a sa a aksul, da giyabos ɗin da ya dace, da ƙarfin da ake bukata daga inji. Wanda ya fara da inji yakan sayi abu ɗaya sau biyu.

Kafin wannan ma, ka tabbatar 2F ɗin ya mutu da gaske. Inji ne mai silinda shida a jere, lita 4.2, ƙarfin doki wajen 135. Ba shi da gudu, amma ƙarfin murɗawarsa yana cika tun yana juyi 1,800 a minti, abin da ake so ke nan a kan duwatsu. Sau da yawa wanda aka ce ya gaji kafireta ce ta lalace, ko lokacin wuta ya goce, ko an daɗe ba a saita bawul ba, ko wani ƙaramin tiyo ya tsage yana shaƙar iska. Ka dubi launin hayaƙin. Baƙi, mai ne ya yi yawa, aikin kafireta ne. Shuɗi, baƙin mai ne yake ƙonewa; idan da safe kawai yake yi in an tayar sannan ya ɗauke, robobin bawul ne, ƙaramin gyara. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda.

Sai gwajin matsi. A bar inji ya yi zafi, a cire fulogi shidan duka, a take totur har ƙasa, a ɗaura ma'auni a ramin fulogi ɗaya bayan ɗaya ana buga kik. Lafiyayyen 2F yakan nuna wajen psi 150 (psi shi ne awon matsi), kuma bai kamata wata silinda ta yi ƙasa da 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. Wadda ta nuna rauni, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake gwadawa. In allurar ta hau, zobban fistin ne suka cinye. In ta tsaya inda take, bawul ne ko gasket ɗin kan inji. Idan shidan sun fito kusa da juna, ka gyara abinka ka ci gaba da hawa. Sake ɗaure 2F ya fi kowane sauyin inji sauƙi, kuma duk abin da ke kewaye da shi dama dominsa aka yi.

Yanzu taya. Aksul ɗin motarka na gaba da na baya duk sandararru ne, saboda haka ɗaga sifirin ba ya ɗaga tulun da ke jikin aksul, wato gidan haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayoyin biyu, ko da ɗan yatsa ɗaya. Taya ce kaɗai ke nisanta shi da ƙasa, ita ma da rabin abin da ta ƙaru: a ce inci 31 gare ka yanzu ka koma 35, inci 2 ka samu. Ga abin da za ka biya a kan inci biyun nan. Sabuwar tayar ta fi tsohuwar girma da kusan kashi 13 cikin 100, don haka kowace giya ta yi wa inji nauyi da wannan gwargwado. Agogon gudu zai nuna maka 100 alhali kana kan 113. Birki zai yi sanyi, domin yanzu abin da yake tsayarwa ya fi nauyi kuma ya fi faɗi. Mahaɗan Birfield da ke cikin guiwar aksul ɗin gaba, waɗanda ke ba taya damar karkata tana ja, su ne suka fi saurin fashewa, musamman in an murɗe sitiyari har ƙarshe an taka totur. Inci 33 nake ba ka shawara. Za ta kai ka kusan duk inda 35 za ta kai ka, kuma ɗagawar inci 2 ta ishe ta.

Da ka tsayar da girman taya, sai ka san rabon haƙoran da ke cikin tulunka. Waɗannan motoci sukan zo da 3.70 ko 4.11, ya danganta da ƙasar da aka yi wa su. Ba sai an kwance komai ba. Ka tokare tayoyin gaba da kyau, ka sa giya a firi, ka saki birkin hannu, ka ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak. Ka yi alama da alli a jikin tayar, ka yi wata a jikin farfela, wato sandar da ke kawo juyi zuwa tulu. Ka juya tayar sau biyu cif kana ƙirga zagayen farfela. In ta zagaya sau uku da kusan kashi uku cikin huɗu, 3.70 gare ka; in ta ɗan haura huɗu, 4.11 ne. Lissafin kuwa shi ne ka ninka rabon da girman sabuwar taya, ka raba da girman tsohuwa. Mai 3.70 da ya koma inci 33 yana bukatar wajen 3.94, wato 4.11 ya yi masa daidai har da ɗan ƙari. Mai 4.11 da ya dage sai 35 yana bukatar wajen 4.64, sai ya nemi 4.56 ko 4.88. Gaba da baya dole su zama iri ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa tayoyi huɗu suna ja, aksul biyun za su yi ta kokawa har wani abu ya karye. Na sha ganin motar da aka ce injinta ba shi da ƙarfi, aka gyara mata haƙoran aksul kawai ta dawo hayyacinta.

To, a ce gwaji ya nuna injin ya ƙare. A nan zuciyata tana wajen dizal na gidan Toyota. Wannan bodi naka da dizal ya fito daga masana'anta a ƙasashe da dama: HJ60 mai injin 2H, da HJ61 mai 12H-T, lita 4.0 mai turbo. Ma'ana, kujerun inji da lagireto da tiyo da salansa duk akwai na asali da za a kwaikwaya, ba sai bakanike ya yi ta ƙirƙira ba. 12H-T ɗin ne ya fi burge ni: ƙarfin dokinsa kusan ɗaya da na 2F, amma ya fi shi murɗawa, kuma haƙora ne ke juya masa lokaci, babu bel da zai tsinke. Matsalarsa tsufa, domin tun wajen 1990 aka daina sa shi a Land Cruiser, samun mai lafiya sai an tona. Wanda ya fi samuwa shi ne 1HZ, lita 4.2, da ya fito a 1990 aka kuma daɗe ana ƙera shi, kayan gyaransa a wadace. Sai dai kada wani ya ruɗe ka: ƙarfin dokinsa wajen 129 ne, bai kai na injin da kake son cirewa ba. Abin da za ka samu shi ne rage shan mai, da nisan tafiya a tanki ɗaya, da injin da babu ruwansa da fulogi ko kwayil in ruwa ya fantsama. Masu ɗaura masa turbo daga baya suna nan da yawa, amma ba don turbo aka tsara shi ba, zafi yakan tsaga masa kai. Wanda zai yi, lallai ya sa agogon zafin hayaƙi ya riƙa kallonsa a hawa.

Dizal yana zuwa da nasa ƙananan sharuɗɗa, su ne kuma ke tsayar da aiki wata da watanni. Bustar birkinka da iskar da injin fetur ke zuƙa take aiki. Dizal ba ya samar da wannan zuƙa, sai da famfonsa na musamman, don haka ka tabbatar yana jikin injin da ka saya. Wasu Land Cruiser na dizal lantarkinsu bolt 24 ne, taka kuwa 12, sai an sauya kik da altaneta da abin da ya biyo baya. Tanki sai an wanke shi tas, a ja layin mayar da mai, a sa matata mai raba ruwa da mai. Giya huɗunka ma za ta dame ka a kwalta, domin ta huɗun kai tsaye ce, ba ta rage wa inji juyi. Da taya 33 da rabo 4.11, a gudun kilomita 100 injin zai riƙa juyi wajen 2,600 a minti. Giyabos mai giya biyar, H55F, zai sauko da shi wajen 2,200, inda dizal ya fi sakewa. Amma H55F iri-iri ne, sandar da ke shiga kuloci ta bambanta daga inji zuwa inji. Shi ya sa nake cewa kada ka sayi inji tsirara. Ka sayi inji da giyabos da akwatin raba ƙarfi, wanda ke raba juyi tsakanin aksul na gaba da na baya, a haɗe, daga mota ɗaya, da wayoyinsu da duk wani ƙarfe da ke maƙale a jiki. In da hali, ka ji tashinsa da sanyin safiya kafin a ciro shi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye aibinsa.

Shi kuwa V8 na Chevrolet, wato dangin LS irin mai lita 5.3 da ya fara fitowa a motocin ɗaukar kaya a 1999, ba zan kushe shi ba. Ƙarfin dokinsa wajen 285, ninki biyu na naka, kuma a Amurka ya zama ruwan dare a irin wannan mota. A yashi mai zurfi, inda ake son taya ta yi ta juyi da sauri, babu dizal ɗin da na ambata da zai kamo shi. Amma inji ne mai kwamfuta. Sai an gyara wayoyinsa, an cire masa tsarin hana sata da ke hana shi tashi a baƙuwar mota, an sa famfon mai da ke tura wajen psi 58, alhali kafireta 'yan psi kaɗan take sha. Sai lagireto mafi girma, sai an lallaɓa salansa ta wuce tsakanin sitiyari da farfelar gaba, sai an duba kaskon baƙin mai kada tulun gaba ya doke shi in sifirin ya lotsa. Ga wani abu da mutane ke mantawa: tulun baya na motarka ba a tsakiya yake ba, ya karkata dama, kuma akwatin raba ƙarfi na Toyota ta wannan gefen yake fitar da farfela. In ka kawo na Chevrolet mai fita ta tsakiya, farfela za ta kwanta a karkace ta yi ta girgiza tana cin kurosa. Saboda haka akan bar na Toyota a nemo farantin haɗi. Duk wannan mai yiwuwa ne in kana da ƙwararren mai wayarin da na'urar karanta kwamfutar inji. In babu, ka bar shi. Kuma dawakai 285 a kan birkin baya na ganga da aksul mai shekara 40, ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, sai an ƙarfafa su tukuna.

Ɗagawa, inci 2 da sababbin sifirin da shokozoba masu tsawon da ya dace. Kada ka yarda a ɗaga ta da dogayen mariƙan sifirin kawai, domin suna kwantar da kusurwar aksul ɗin gaba, sitiyari ya daina komawa tsakiya, mota ta riƙa yawo a titi. Bayan ɗagawa a auna wannan kusurwa, a gyara ta da 'yan ƙarafan cusawa in ta goce, a kuma duba tiyon birki ko ya isa in aksul ya sauka har ƙarshe. Inci 4 zai ɗaga maka nauyin motar sama, a gefen tudu kuwa nan ne mota ke kifewa.

Abin da zai fi canja maka tafiyar daji, fiye da kowane inji, makullin tulun baya ne. Tulu na yau da kullum in taya ɗaya ta rataya a sama ko ta faɗa santsi, ita ce za ta yi ta juyi, mai ƙasa a ƙarƙashinta ta tsaya cak. Makulli, irin mai aiki da iska na kamfanin ARB na Ostareliya, yana ɗaure biyun su juya tare. A sa shi lokacin da ake sauya haƙora, tunda an riga an buɗe wurin. A yashi ka rage iskar taya zuwa wajen psi 16 ko 18, ka kuma tafi da famfo don mayarwa kafin kwalta. In za ka sa winci, wato na'urar da ke jawo mota da igiya in ta maƙale, ƙarfin jansa ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin motar da kayanta. Ina roƙonka kada ka taɓa ɗaura igiyar fizga a ƙwallon jan tirela. Yakan tsinke ya taso da ƙarfin da ke kashe mutum. A ɗaura ƙugiyoyi na gaske a jikin shasi. In kana ratsa ruwa, ka ja wa ramukan numfashin aksul da giyabos tiyo zuwa sama cikin ɗakin inji, domin tulu mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo shi, man giya ya koma kamar madara.

Takardu kuma ka bincika tun kafin ka biya kuɗin inji. A ƙasashe da yawa lambar inji da irin man da mota ke sha suna cikin rajista, kuma wasu wurare, kamar jihar Kalifoniya, ba sa yarda a sa injin da ya girmi motar. Kamfanin inshora ma yana iya ƙin biya in ba a sanar da shi sauyin ba. Ka goge jikin injin, ka karanta lambar da idonka, ka tabbatar ita ce aka rubuta a rasit.