Katsina zuwa Sakkwato a jirgi, minti 40 ne da gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina Katsina kuma za a ɗaura auren ƙanina a Sakkwato ranar Asabar bayan azahar. Na duba a intanet na ga wai tafiyar jirgi ba ta wuce minti 40 ba, to in sayi tikitin safiyar Asabar ɗin ko yaya ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanya alheri. Amma don Allah kar ka sayi na Asabar.

Lissafin da ka gani ba ƙarya ba ne, daga filin jirgin Umaru Musa Yar'adua zuwa na Sultan Abubakar III wajen kilomita 260 ne a miƙe ta sama, su kuma shafukan nan nisa kawai suke ɗauka su raba da gudun jirgi su ƙara 'yan mintunan tashi da sauka, shikenan, ba ruwansu da ko akwai jirgin da ke bin hanyar. Kuma babu ɗin. Jiragen haya na garuruwan nan biyu Abuja suka fi nufa, don haka sai ka gangara Abuja kusan kilomita 450, ka sake hawowa Sakkwato kusan 490, ka ga kilomita 260 ta zama sama da 900, kuɗin tikiti kuma biyu.

Zaman cikin jirgin ma ba shi ne abin ji ba, kowane zango wajen awa ɗaya ne. Jira ne ke cinye ranar. Ka isa fili da wuri a auna jaka a ba ka takardar shiga, a Abuja in kamfanoni biyu ne daban sai ka tsaya gaban bel ɗin kaya ka ɗauki jakarka ka koma layi a sake aunawa, kuma idan na farko ya makara na Sakkwato ya tashi ya bar ka, kamfani na biyu ba zai ji bayaninka ba, shi dai bai gan ka a kan lokaci ba. Ƙananan filaye irin waɗannan jiragensu ba yawa, wanda ya wuce ka sai gobe in Allah ya kai mu, ka kwana Abuja, ga filin nesa da gari ga tsadar tasi.

Ni dai a ganina ka tashi Alhamis, ko Juma'a in ta matsa, ka bar aƙalla awa 4 tsakanin jiragen biyu, babbar rigarka da hula su shiga jakar hannu. In kuma lokacin hunturu ne ma sai ka ƙara kwana, hazo na hana jirgi sauka a Sakkwato da Katsina duka.

Tambaya: To Malam ba gara mota ba?

Amsa: A kuɗi gara mota nesa ba kusa ba, a lokaci ma kusan kunnen doki ne tunda dukkansu wuni za ka yi. Matsalar hanya ce, ko ta Jibiya da Ƙauran Namoda ko ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara duk sai ka ratsa Zamfara, kowa kuma ya san halin tsaron da ake ciki. In mota za ka bi ka je tasha ka tambayi direbobin da suka dawo jiya, ku fita da hantsi, kar dare ya yi muku a hanya.