Tambaya da Amsa: Fasuwod ɗina ya fito gaban abokan aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne a ofis muke aiki da saba ɗaya (babbar kwamfutar da muke shiga daga namu kwamfutocin) mai tsarin Ubuntu kuma duk da akawun ɗaya muke shiga. Jiya abokin aikina yana danna kibiyar sama yana neman wani layi da ya rubuta, kawai sai ga nawa layin na shiga MySQL (manhajar ajiye bayanai) ya fito da fasuwod ɗina manne a jiki, kowa na tsaye yana kallo. Dan Allah ya zan yi in hana faruwar haka? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kafin komai je ka canza fasuwod ɗin nan yau yau, ko ka goge layin ai ido ya riga ya gani.

Ita bash, wato manhajar da ke karɓar umarnin da kake bugawa, duk abinda ka buga tana riƙe shi, in ka rufe taminal (tagar da kake buga umarnin) sai ta juye cikin fayil ɗin .bash_history, a Ubuntu har layi 2000 take ajiyewa, kaga duk wanda ya shigo bayanka ya danna Ctrl+R don binciken tsofaffin layuka ya rubuta mysql shikenan ya gani. Toh rubuta history, duba lambar layin, sai history -d da lambar don goge shi, sannan history -w don gyaran ya shiga fayil ɗin.

Akwai dabarar da mutane suka fi sani, wato ka bar fili ɗaya (danna space sau ɗaya) kafin ka fara rubuta umarni, bash bazata ajiye shi ba. Amma fa sai in HISTCONTROL, saitin da ke faɗa wa bash abinda zata tsallake, yana kan ignorespace ko ignoreboth, duba da echo $HISTCONTROL tukuna. Ni gaskiya bana sakin jiki da ita, ranar da kake sauri oga na kanka zaka manta filin ne, kuma koda baka manta ba yawancin umarni suna cikin aiki wani zai iya buga ps aux, mai nuna duk abinda ke gudana a sabar, ya karanta layin gaba ɗaya. Abinda nafi so shine kar fasuwod ya hau layin tun farko. Rubuta mysql -u da sunanka sai -p ita kaɗai, zai tambayeka fasuwod ɗin da kansa ka buga ba tare da komai ya fito a allo ba. In aikin mai tsawo ne ka fara da set +o history don bash ta daina ajiye abinda kake bugawa, ka gama ka mayar da set -o history.

Sai dai ɗan uwa ainihin matsalar akawun ɗayan nan ne. A wajen kwamfuta ku huɗun mutum ɗaya ne, ko ka ɓoye fasuwod a fayil ka kulle da chmod 600 (wato mai akawun kaɗai ke iya buɗewa) abokanka zasu buɗe shi kamar yadda kake buɗewa, kuma ranar da wani abu ya ɓace zaiyi wuya a gane wa ya taɓa. Ka lallaɓa mai kula da sabar ya buɗe wa kowa nasa da adduser, wanda aikinsa ke buƙata a bashi sudo, wato ikon yin aikin mai kula da saba, aikin mintuna kaɗan ne.