Sojan Amurka da Kaɗa Ƙuri'a Daga Ƙetare

Tambaya: Ɗana sojan Amurka ne, an tura shi aiki Jamus. Shin zai iya kaɗa ƙuri'a daga can?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Hajiya, domin dokar da Amurka ta kafa a 1986 ta tabbatar wa sojoji da iyalansu da sauran 'yan ƙasar mazauna ƙetare wannan haƙƙi. Zai cike fom ɗin FPCA, wato na yin rajista da neman takardar ƙuri'a daga ƙetare, ya aika wa jami'an zaɓe na jiharsa, kuma gara ya yi hakan tun farkon shekara. Tun daga gyaran da aka yi wa dokar a 2009, wajibi ne jihohi su tura takardar ƙuri'a kwana 45 kafin zaɓen tarayya ga duk wanda ya nema a kan kari. Idan takardar ta makara a hanya, kada ya zauna jira. Akwai ta madadi mai suna FWAB, wadda zai rubuta sunan ɗan takararsa a kai, ya aika kafin wa'adin jiharsa ya cika.