Ɗana Ya Fara Shan Ƙwaya Yana Ɗan Shekara 15

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara 15 wanda wata uku ke nan ya rage cin abinci, yana yawan barci da rana, karatunsa kuma ya ja baya. Kwanan nan ina wanki na tsinci tiramol a aljihun wandonsa. Mahaifinsa ya ce ƙuruciya ce, zai bari idan ya girma. Shin haka ne?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ƙuruciyar da maigida yake gani a matsayin uzuri ita ce ta ƙara wa lamarin nauyi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke bayan goshi, wanda ke sa mutum ya auna abin da zai biyo baya kafin ya aikata, shi ne na ƙarshe wajen nuna, alhali sashen da ke neman jin daɗi ya riga ya yi ƙarfi tun lokacin balaga. Idan ƙwaya ta shiga a wannan tsakani, ƙwaƙwalwa tana sabawa da ita har ta daina samun gamsuwa a karatu, wasa ko hira da 'yan gida, shi ya sa wanda ya fara da wuri ya fi saurin kamuwa fiye da wanda ya fara bayan ya mallaki hankalinsa. Tiramol kuma, musamman idan an sha da yawa, tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Kada ki ga kamar gidanki kaɗai abin ya shiga, domin binciken ƙasa na 2018 ya kiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya miliyan 14.3, a shekarar da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Duka ko gidan mari ba magani ba ne, yawanci ɓoyo suke koya wa yaro. Ku zauna da shi ke da mahaifinsa cikin natsuwa, ku ji yaushe ya fara da kuma majalisar da yake zama, sannan ku kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Idan jikinsa ya riga ya saba, yanke ta farat ɗaya kan jawo ciwon gaɓoɓi, zufa da rashin barci, don haka likita ne zai tsara yadda za a janye ta a hankali.