Amsa: Katin ɗaurin aure ko saƙon WhatsApp?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko ya kamata ki buga katin bikin ƙanwarki, tunda kowa yanzu a waya yake. Ki buga, ko da guda 100 ne. Ƙawaye dai WhatsApp ya ishe su, amma baffanni da gwaggonni da surukai, kati a ambulan da ɗan goro ko alewa shi ne girmamawa. Wani dattijon in ba a kai masa har gida ba, cewa zai yi ba a gayyace shi ba.

A nan Abuja, a da rukunin shagunan UTC da ke Area 10, Garki, cike yake da masu buga takardu, kafin a rushe shi a 2023; ko ina za ki buga, ki je wurin da kanki. Ki taɓa takardar da hannunki, mai kauri kamar wadda masu bugawa ke kira giram 300, kada ki yarda da hoton waya kawai. Kafin su buga duka, su fitar miki da guda ɗaya ki karanta a tsanake. A bikin ɗan yayana an rubuta sunan masallaci daidai amma an kuskure rana, sai da muka bi mutane da kira ɗaya bayan ɗaya.

Don Allah kada a sa ayar Alƙur'ani a jikin katin. Bayan biki katin a ƙasa yake ƙarewa, ana tattakawa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin.