Tambaya da Amsa: Git ya ƙi karɓar fasuwod ɗina

TAMBAYA: Salam Malam, ni sabon shiga ne a harkar kodin (rubuta manhajar kwamfuta). Ina shiga akawun ɗina na GitHub (shafin da ake ajiye kod a intanet) ta burauza lafiya lau, amma in nazo yin git push (wato tura kod zuwa GitHub da manhajar Git) a kwamfuta sai ya nemi fasuwod, in saka yace bai yarda ba. Dan Allah ko kutse aka min?

AMSA: Wa alaikas salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka ba wanda ya taɓa maka akawun. Tun 13 ga Agusta 2021 GitHub suka daina karɓar fasuwod wajen push, shi fasuwod na shiga ta burauza ne kawai, a can ɓangaren Git kuwa sai token (dogon rubutun sirri da ke maye gurbin fasuwod) ko makullin SSH (makullin sirri da GitHub ke gane kwamfutarka da shi).

Token ɗin zaka samu a Settings, Developer settings, sannan Personal access tokens, kuma ka zaɓi fine-grained saboda shi zaka iya ɗaure shi a kan repo (ma'ajiyar kod ɗin aikinka) ɗaya tak ka sa masa ranar mutuwa, ba irin wanda mutane ke ba dukkan izini dan kawai suna sauri ba. Sau ɗaya ake nuna maka shi, in ka rufe shafin shikenan sai dai ka ƙirƙiro wani. Ka manna shi a inda aka nemi fasuwod, kuma kar ka damu in baka ga komai ya fito a sikirin ba, haka abin yake. Abinda na fi ja maka kunne a kai, kar ka kuskura ka rubuta shi cikin kod. In ya shiga repo na jama'a GitHub da kansu suke kashe shi, amma makullan wasu kamfanonin ba lallai a kashe maka ba, kuma goge fayil ɗin baya cire shi daga tarihin commit (canje-canjen da Git ya adana), yana nan daram.

Ni dai SSH nafi so. Ka rubuta ssh-keygen -t ed25519, fayil biyu zasu fito, mai .pub a ƙarshe shi zaka kai GitHub, ɗayan kuwa baya barin kwamfutarka. Sai ka canza adireshin repo ya koma mai farawa da git@github.com, in ba haka ba, zai ci gaba da tambayarka fasuwod.

TAMBAYA: Malam wayata ta ɓata kuma a ciki manhajar lambobin 2FA (lambar da GitHub ke nema bayan fasuwod) take, yaya zanyi?

AMSA: Allah ya mayar da alheri 'yar'uwa. Ranar da kika kunna 2FA an baki lambobin ceto guda 16, ki duba kwamfutarki ko kin sauke su, ɗaya ya isa. In babu, ki nemi dawo da akawun ta na'urar da kika saba shiga da ita ko makullin SSH da kika taɓa sakawa, zai ɗan ɗauki kwanaki. Da kin shiga ki ƙara passkey (hanyar shiga da zanen yatsa, fuska ko PIN na na'ura), ki buga sabbin lambobin a takarda.